Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Babban Daraktan Hukumar NBC Kan Ƙuri'ar Waya a Gasannin Talabijin

Zuwa ga
Mai Girma Babban Darakta,
Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta Ƙasa,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ma'aikatan hukumarka. Allah Ya sa haka, amin.

Ni mai gidan kallo ne a Zariya. Ƙwallo ce ke ciyar da ni, amma idan babu wasa, ko an tafi hutun kaka, abin da matasa ke roƙon in kunna musu shi ne gasannin nan na waƙa da rawa da na zaman gida ɗaya, waɗanda ake cewa masu kallo ne ke zaɓen gwani ta wayar hannu. Saboda haka na daɗe ina kallon su, ina kuma kallon masu kallon su. Dalilin wannan wasiƙa shi ne in roƙi hukumarka ta sa ido kan yadda ake karɓar wannan ƙuri'a da yadda ake ƙirga ta. A yadda ake tafiya yanzu, kuɗi ake ƙirgawa da ƙarfin sabis, sannan a fito gaban ƙasa a ce wannan shi ne zaɓin jama'a.

Tun da wuri bari in faɗa a fili cewa ba na zargin wani kamfani a ƙasar nan da sauya sakamako. Kukana a kan tsarin ne kansa, wanda aka rubuta, aka wallafa, kowa yana iya karantawa. Ko da ba a taɓa ƙuri'a ko ɗaya ba, tsarin ya riga ya karkata tun kafin a fara kaɗawa.

Idan aka waiwaya baya, za a ga kusan duk manyan gasannin nan kamfanonin waya ne suka raine su. MTN ne ya ɗauki nauyin Project Fame daga 2008 zuwa 2016, gasar da ta fito da Iyanya da Chidinma. Etisalat ya riƙe Nigerian Idol a shekarunta na farko, lokacin da Mercy Chinwo ta lashe ta a 2012. Glo ya kawo X Factor a 2013. Airtel kuma ya tsaya wa Nigeria's Got Talent a 2012, sannan The Voice Nigeria a 2016. Sun taimaki matasa da yawa, wannan ba abin musu ba ne, wasu daga cikin waɗanda suka fito ta nan har yau suna cin abinci da muryarsu. Sai dai akwai abin lura: wanda ya ɗauki nauyin gasar, shi ne kuma mai sayar da saƙon tes ɗin da ake zaɓe da shi. Ribarsa tana cikin yawan saƙon. Shi ya sa ba za ka taɓa jin mai gabatarwa ya ce kowa ya zaɓa sau ɗaya ya koma gefe ba. Cewa ake yi a yi ta turawa, kada a gaji, gwaninka na cikin haɗari. A shekarun da Big Brother Naija ke karɓar ƙuri'a ta tes, naira 30 ake cirewa a kan kowane saƙo. Wanda ke da katin naira 3,000 yana da murya ɗari, wanda ke da na naira 100 yana da uku, wanda wayarsa ba kati kuwa ɗan kallo ne kawai.

Da aka rage dogaro da tes aka koma shafin intanet da manhaja, mun ɗauka an gyara. Ashe bambancin ne ya ƙara fitowa fili. A tsarin zaɓen Big Brother Naija da MultiChoice, kamfanin da ke da DStv, ya wallafa a 2020, wanda ya shiga ta shafi yana da ƙuri'a 100. Wanda ya shiga ta manhajar masu dikoda kuwa, yawan ƙuri'arsa ya danganta da girman kuɗin da yake biya a wata: mai babban tsarin DStv na Premium yana da 2,500, mai ƙaramin tsarin Yanga yana da 200. Irin wannan rabo aka ɗora wa Nigerian Idol da ta dawo a 2021. Wato mutum 25 ne za su kaɗa ɗari-ɗari kafin su kamo mutum ɗaya da ke zaune a falonsa. Kunnensa bai fi nasu jin waƙa ba. Aljihunsa ne ya fi nasu nauyi.

A nan ne sana'ata ta nuna mini abin da mai zama a ofis ba lallai ya gani ba. A unguwanninmu mutane da yawa ba su da dikoda a gida, a gidan kallo suke gani, ko a shagon mai aski, ko a gidan maƙwabci. Ɗaki zai cika maƙil, a kalli shiri daga farko har ƙarshe, a yi gardama a kan wanda ya fi iya rera waƙa har jijiyar wuya ta tashi, amma ƙuri'un da ke kan dikodar duk suna hannun mutum ɗaya, mai wurin. Irina wannan tsari ya fifita, ranka ya daɗe, kuma ni ne nake gaya maka bai dace ba. Yaran da suka biya kuɗin shiga suka zauna a kan benci su ne masu kallon na gaskiya, su ne kuma aka fi tauyewa. Cikinsu mai babbar waya da data zai samu ɗarinsa. Mai ƙaramar waya, tun da aka rufe ƙofar tes, ba shi da ko ɗaya.

Addininmu ya yi kakkausan gargaɗi ga masu tauye mudu, waɗanda idan za su karɓa sai a cika musu, idan za su bayar sai su rage. Ko a kasuwar ƙauye, duk wanda aka kama da mudu biyu, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, ya san abin da zai biyo baya wajen sarkin kasuwa. To ga shi a talabijin ana awo da mudu biyar ko shida a bainar jama'a, kowane mai kallo da girman nasa, kuma ba a ga wanda ya ce uffan ba.

Sai kuma adadin da ake shelantawa. A 2020 an sanar da cewa an kaɗa ƙuri'a sama da miliyan 900 a kakar Big Brother Naija da Laycon ya lashe. A lokacin mutanen Najeriya gaba ɗaya, har da jarirai, sun ɗan haura miliyan 200 ne. Ko an haɗa da masu zaɓe daga sauran ƙasashen Afirka, kowa ya san wannan adadi ba na mutane ba ne. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce: mutum nawa ne suka kaɗa waɗannan ƙuri'u? Miliyan goma ne? Miliyan ɗaya ne? Amsar tana cikin kwamfutocin masu shirin, ba a dai faɗa mana. Matuƙar ba a faɗa ba kuwa, babu mai iya bambance ɗan takarar da jama'a da yawa ke so da wanda 'yan tsiraru masu hali suka tsaya wa. Duk mai bibiyar waɗannan gasanni ya ga yadda magoya baya ke buɗe zaure a WhatsApp, a yi karo-karon kuɗi, a sayi layuka da data, a nemi aron lambar dikodar mutane, a ajiye yara su kwana suna danna waya. Ba a ɓoye suke yi ba, alfahari ma ake yi da shi. Yarinyar da ta fito daga gidan da ba a iya yi mata wannan, ko da muryarta ta fi ta kowa, ta shiga gasar da ƙafa ɗaya.

Akwai kuma maganar sabis. A farkon Satumban 2021 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layuka a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Har aka kammala Big Brother Naija ta shekarar a ranar 3 ga Oktoba, akasarin Zamfara babu sabis. Na san mutanen da ke cikin wannan hali suna da damuwar da ta fi gasar talabijin nesa ba kusa ba, ba kuma ina ƙalubalantar dalilin katsewar ba ne. Abin da nake so a duba shi ne: da a ce a makonnin nan akwai ɗan Ƙauran Namoda ko 'yar Shinkafi a zagayen ƙarshe na wata gasar waƙa, da danginsa da abokansa da duk garinsu ba su da hanyar ba shi ƙuri'a ko ɗaya, kuma da an fitar da shi an ce jama'a ne suka ƙi shi. Ko ba a katse layi ba, akwai garuruwa da yawa da sai an hau tudu ko an fita bakin titi ake samun sabis, ga rashin wutar cajin waya, ga ƙa'idojin zaɓen da ake karantowa da Turanci cikin sauri. A watan Janairun 2025 kuma aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, tes ya tashi daga naira 4 zuwa naira 6. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana zaftare muryar wani yanki ya ƙara wa wani.

Wannan matsala ba tamu ba ce mu kaɗai. A Amurka, a zagayen ƙarshe na American Idol na 2003, an kaɗa ƙuri'a kimanin miliyan 24, Ruben Studdard ya doke Clay Aiken da tazarar kimanin dubu 130, alhali layukan sun cunkushe, ɗimbin masu kira ba su samu shiga ba. A 2009 kuma ya fito cewa wasu ma'aikatan kamfanin waya na AT&T, wanda ke cikin masu ɗaukar nauyin shirin, sun je tarukan magoya bayan Kris Allen a jihar Arkansas da wayoyi, suka nuna musu yadda ake tura saƙo da yawa a bugu ɗaya. Shi ya lashe gasar. Mai yiwuwa ko ba haka zai lashe, amma tabon ya zauna a kan nasararsa, shi kuwa ba shi ya aike su ba.

Za a ce mini ai akwai masu bincike masu zaman kansu da ke tantance sakamako, muna ganin wakilin Deloitte yana miƙa ambulan a kan dandamali. Haka ne, kuma ya fi babu. Amma mai shirin ne ya ɗauko su, shi ke biyan su, shi suke kai wa rahoto. Abin da mai kallo ke gani ambulan ne da kaso cikin ɗari. Sannan aikin mai tantancewa shi ne ya tabbatar an bi ƙa'idar da aka gindaya. Idan ƙa'idar ce ta ba wani 2,500 ta ba wani 100, zai sa hannu da zuciya ɗaya, domin ba a tambaye shi ko ƙa'idar ta yi adalci ba. Wannan tambaya ta hukumarka ce.

Ina so in ɗan tsaya a kan abin da ya faru a Birtaniya, domin a can ne aka ga abin da ke faruwa idan hukuma ta bar gidajen talabijin su zama alƙalan kansu. Gidaje ne masu tsohon suna, mutane sun yarda da su ido rufe. A 2007 asiri ya fara tonuwa ɗaya bayan ɗaya. Aka gano cewa a wata gasar waƙa ta tashar ITV mai suna Soapstar Superstar, masu shirya shirin sun yi watsi da waƙoƙin da masu kallo suka biya kuɗi suka zaɓa, suka sa waɗanda suka ga dama. A wani dare ma ba mutum biyun da suka zo ƙarshe a ƙuri'a aka gabatar don fitarwa ba, wasu aka sa a madadinsu. Aka gano cewa a bikin British Comedy Awards na 2005, kyautar zaɓin jama'a da aka miƙa wa Ant da Dec, Catherine Tate ce ta ci ta a ƙuri'a. Aka gano ana maimaita shiri a wata tashar ba tare da an gaya wa masu kallo cewa an riga an rufe layi ba, mutane na ta kira ana cire musu kuɗi a banza. Binciken da ITV ta sa aka yi ya nuna masu kallo sun yi asarar kimanin fam miliyan 7 da dubu 800. A watan Mayun 2008 takwarar hukumarka ta can, Ofcom, ta ci tarar ITV fam miliyan 5 da dubu 675. Kafin nan ta ci GMTV fam miliyan 2, Channel 4 fam miliyan 1 da rabi. BBC ma ba ta tsira ba, har a shirin yara na Blue Peter an kama ta da gabatar da wanda ya ci gasar waya na bogi, aka ci ta fam dubu 50.

Abin lura a nan shi ne, da yawa daga masu wannan aiki ba don su sa kuɗi a aljihunsu suka yi ba. So suke shiri ya yi armashi, lokaci ya ƙure musu, ko na'ura ta samu matsala ana tsakiyar watsa shiri kai tsaye, sai suka yanke abin da ya fi musu sauƙi, tunda sun san babu mai dubawa. Irin wannan matsi yana kan duk mai shirya shiri a duniya, har da namu. Bayan tarar, Ofcom ta sa sharaɗi a cikin lasisin tashoshin cewa alhakin duk wata ƙuri'a ko gasa ta waya yana wuyan mai lasisi, ba zai ɗora wa ɗan kwangila ba, kuma dole wani na waje ya riƙa tantance tsarin. Tun 2008 suka yi wannan gyara.

A Rasha kuwa gasar yara ce abin ya faɗa wa. A 2019 'yar mawaƙiya Alsou ta lashe The Voice Kids ta ƙasar da tazara mai ban mamaki, jama'a suka yi ca. Tashar Channel One ta ɗauko kamfanin binciken intanet na Group-IB, ya gano an yi amfani da na'ura wajen aringizon kira da saƙo, har da saƙo sama da 8,000 daga layuka kimanin 300. Aka soke sakamakon. Yarinya ƙarama ta sha zagi a duniya a kan abin da manya suka aikata, sauran yaran kuma aka ɓata musu ranar da suka daɗe suna jira. An iya gano wannan ne saboda an buɗe bayanan an bai wa wani na waje ya duba. Da abin ya faru a nan, wace doka ce za ta tilasta a buɗe?

Akwai abin da na san hukumarka ba za ta iya hanawa ba, wato zaɓen ɗan gida. Mutum zai zaɓi ɗan garinsu, ɗan yarensu, ɗan addininsu, ko da muryarsa ba ta kai ba. A Indiya a 2007 al'ummar Gorkha ta Darjeeling ta tashi tsaye, aka yi ta tara kuɗin tes, har ɗansu Prashant Tamang, wanda ɗan sanda ne a lokacin, ya lashe Indian Idol. Mu ma da namu ne ya kai wannan mataki haka za mu yi, ba na kuma ganin laifin wanda ya so nasa. Amma idan kowa ƙuri'arsa daidai take da ta kowa, son ɗan gida yana da iyaka, iyakarsa yawan mutanen gidan. Idan aka bar ƙofar saye a buɗe, iyakarsa ita ce dukiyar attajirin garin ko ɗan siyasar da ke neman suna. A ƙasa irin tamu da ƙabilanci ke saurin kama wuta, bai kamata a bar shirin nishaɗi ya zama filin gwada wace ƙabila ta fi kuɗi ba.

Ba kuma ina cewa a ƙwace zaɓe daga hannun jama'a a miƙa wa alƙalai ba ne, su ma mutane ne. A gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wato Eurovision, ta 2022 sai da masu shiryawa suka soke makin alƙalan ƙasashe shida saboda alamun haɗa baki. Abin da ke kare gasa shi ne a yi komai a gaban idon mutane. Muna da misali a gida. Musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ke shiryawa tun 1986, alƙalanta a gaban jama'a suke zaune. Idan mai karatu ya yi kuskure, nan take ake ankarar da shi kowa na ji. An san abin da ake ba maki a kai: hadda, tajwidi, kyan murya. Ba ina haɗa karatun Alƙur'ani da waƙa ba ne, Allah Ya kiyaye, tsarin alƙalancin nake nufi. Ɗan talaka daga tsangayar ƙauye yana zuwa ya doke ɗan mai kuɗi, domin babu ƙofar da kuɗi zai shiga ta ita. Su kansu masu manyan gasannin sun san inda gizo ke saƙa: a 2024 masu shirya kyautar fina-finai ta AMVCA sun cire rukunan gwarzon jarumi da jaruma daga zaɓen masu kallo suka mayar hannun alƙalai.

Wani zai ce duk wannan wasa ne, hukuma tana da manyan ayyuka. Wanda ya faɗi haka bai ga yaron da ya sayar da wayarsa ya yi kuɗin mota zuwa wajen tantancewa a Abuja ko Legas ba, ya kwana a layi, ya tsallake dubban mutane. A wajensa wannan ce ƙofar da yake fatan ta fitar da gidansu daga talauci. Kyaututtukan miliyoyin naira ne da mota da kwangilar waƙa. A ɗaya gefen kuma akwai kuɗin masu zaɓe, waɗanda da yawansu ɗalibai ne da 'yan mata da ke rage kuɗin abinci su sayi data. Duk inda aka karɓi kuɗin mutum aka yi masa alkawarin cewa muryarsa za ta yi tasiri, ciniki ya ƙullu, kuma wajibi ne a cika masa abin da ya saya.

A ƙasar Sin abin ya kai ga a 2021 aka ga bidiyon ana tuttular da madara a kwata, saboda lambar ƙuri'ar gasar Youth With You tana cikin murfin kwalbar, magoya baya suna saye don murfin kawai. Hukumomin can suka dakatar da zagayen ƙarshe, daga baya suka haramta irin waɗannan shirye-shirye. Ba wannan nake roƙo ba. Hani zai kashe damar yaranmu ne, ya kuma kashe kasuwar masu shirya shirye-shirye. Gyara tun kafin a kai can shi ne ya fi.

Babban abin da nake roƙo shi ne a daidaita mudun. A sa a cikin kundin ƙa'idojin yaɗa labarai cewa duk shirin da ya ce jama'a ne ke zaɓe, to kowane mai zaɓe yana da adadi ɗaya, ƙarami, ko wane irin tsari yake biya, ko ma ba ya biya. Eurovision ta daɗe da iyakar ƙuri'a 20, kuma bayan ƙorafin da ya biyo gasar 2025 ta rage zuwa 10. Mu muna da abin da zai sauƙaƙa mana wannan, domin tun Disambar 2020 aka tilasta haɗa kowane layi da lambar NIN. Mutane sun sha wahalar layi a rana kafin su yi wannan rajista, ya kamata su ga amfaninta. Da haɗin kan NCC ana iya sa iyakar ta hau kan mutum maimakon layi, ba tare da an miƙa wa masu shiri bayanan kowa ba, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. A kuma bar ƙofar tes ko lambar dannawa a buɗe a farashin saƙo na yau da kullum, saboda mai ƙaramar waya. Idan kamfani ya ga lallai sai ya saka wa manyan kwastomominsa, ya ba su rangwame ko tikitin shiga zauren. Idan kuma ya nace sai ya ba su ƙarin ƙuri'a, to a hana shi kiran sakamakon zaɓin jama'a, ya kira shi da sunansa.

Bayan wannan, a wajabta bayyana adadin mutanen da suka yi zaɓe tare da adadin ƙuri'u, a kowane mako, a kan allo. Mai tantancewa ya riƙa ajiye kwafin rahotonsa a hukumarka, a kuma adana bayanan na wani lokaci yadda ɗan takarar da ke da ƙorafi zai samu inda zai kai kuka a duba masa. A faɗi lokacin rufe layi da farashi a fili, da manyan harsunan ƙasar nan, duk saƙon da ya shigo bayan rufewa kada a cire masa kuɗi, idan an cire a mayar. A rubuta tun kafin a fara gasa abin da za a yi idan sabis ya ɗauke a wani yanki. Gasar yara kuwa, a ganina bai kamata a sayar da ƙuri'a a cikinta ba sam.

Ina sane da hukuncin Babbar Kotun Tarayya ta Abuja na watan Mayun 2023, wanda ya ce hukumarka ba ta da hurumin cin tarar tashoshi da kanta. Wannan bai ɗaure maka hannu a nan ba. Lasisi a hannunku yake, kundin ƙa'idoji ku ke rubuta shi, tun dokar da ta kafa hukumar a 1992. Lambobin da ake tura saƙo gare su NCC ke ba da su. Hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, tana da dokar 2018 da ta hana yaudarar mai saye. Idan hukumomin nan uku suka zauna a teburi ɗaya, babu kamfanin da zai ƙi saurare. Ina ma kyautata zaton masu shirin na kirki za su yi maraba, domin kowace kaka sai an zarge su da maguɗi a kafafen sada zumunta, ba su da kuma wata hukuma da za su nuna su ce ga wadda ta duba mu.

Abin da ya ƙara sa ni gaggawar rubutowa shi ne tashoshinmu na Hausa suna ƙaruwa, matasanmu masu waƙa da barkwanci da wasan kwaikwayo sun cika TikTok da YouTube suna neman inda za a gan su. Duk mai shirya gasa a Kano ko Kaduna ko Jos, tsarin da ya gani a manyan tashoshi shi zai kwaikwaya, kuma ƙaramin mai shiri ba shi da kuɗin ɗauko babban kamfanin tantancewa. Idan babu ƙa'ida a ƙasa, lambar waya kawai za a manna a allo a ce a yi ta turawa, a kwashi kuɗin yara, a ba wanda aka ga dama.

Ina roƙon hukumarka ta fara da abin da ba ya cin ko kwabo: ta rubuta wa masu shirya waɗannan gasanni ta nemi su faɗi mutum nawa ne suka yi zaɓe a zagayensu na ƙarshe da ya wuce, da kuma kason da ƙuri'un manyan tsare-tsare suka ɗauka a ciki, ta wallafa amsar kowa ya gani. Daga nan ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kafin a rubuta ƙa'idar, kada kuma zaman ya tsaya a otal a Abuja da Legas. A kawo shi ofisoshinku na shiyya, a yi shi da harshen da mutanen wurin ke ji, a gayyaci tsofaffin 'yan takara da masu gidajen kallo. Idan an kira, za mu zo.

Allah Ya taimake ka a kan wannan aiki, Ya ba ka ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,
Wani mai gidan kallo,
Zariya, Jihar Kaduna.